Allurar kashe hannu da maganar tramol a ɗakin tiyata



Ni nas ne, kuma aikina a ɗakin tiyata shi ne kashe wa mara lafiya ciwo kafin likita ya sa wuƙa, da tsaron numfashinsa har a gama. A shekarun da na yi ina wannan aiki na lura abu biyu ne suka fi ɗaga hankalin mutanenmu na Nguru da Gashuwa da ƙauyukan kewaye idan aka ce za a yi wa nasu aiki a hannu. Na farko allurar barci, don kusan kowa yana da labarin wani da aka ce an sa shi barci bai farka ba. Na biyu sabo ne, wato tramol. Da zarar dangi sun ji sunansa ya fito daga bakin ma'aikacin asibiti, sai ka ga an fara kallon juna. Ina so in yi bayani a kan inda waɗannan abubuwa biyu suka haɗu, domin na ga mutanen da tsoronsu ya sa suka ɗauke mara lafiyarsu daga gadon asibiti suka nufi wajen mai ɗori.

Masu buƙatar aiki a hannu a yankinmu ba kaɗan ba ne. Akwai ɗan acaɓa ko fasinjansa da suka faɗi a hanyar Nguru zuwa Gashuwa ko ta Jakusko. Akwai yaron da ya faɗo daga bishiya ko amalanke ya karye a saman gwiwar hannu. Lokacin girbin shinkafa kuwa, injin casa da injin niƙa ba sa barin yatsu su huta. Sai kuma masu ciwon ƙoda, waɗanda zan dawo kansu don maganarsu daban ce. Da yawan waɗannan ana iya yi musu aiki idonsu biyu, ba tare da an sa su barci ba.

Yadda abin yake shi ne, duk wani ji da motsi na hannu, daga kafaɗa har kan farce, ta wasu jijiyoyi biyar yake bi. Ba jijiyoyin jini nake nufi ba, jijiyoyin da ke kai saƙo ne tsakanin hannu da ƙwaƙwalwa. Suna fitowa daga laka a gefen wuya, su haɗu su sarƙe da juna, su bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ke kwance tsakanin wuya da kafaɗa, su sauka hammata, daga nan su rarrabu. Idan aka kai allura kusa da inda suka taru, a wuya ko a saman wancan ƙashi ko a hammata, aka zuba maganin kashe jiki a kewayensu, cikin minti 20 zuwa 30 hannun zai yi nauyi ya mutu murus. Mutum yana jin hirar da ake yi a ɗakin, yana salatinsa, ana ɗaure masa ƙashi da ƙarfe bai sani ba. Dattawa sun fi kowa son wannan, kuma ina fahimtarsu.

Dabarar ta tsufa. Wani likitan tiyata a Amurka, William Halsted, shi ya fara gwada ta a birnin New York wajen 1885, kuma da koken ya yi, wannan da muke kira hodar iblis, don a lokacin ita kaɗai ce maganin kashe jiki da aka sani. Garin gwaji a jikinsa shi kansa ya kamu da ita, aka yi ƙoƙarin raba shi da ita ta hanyar ba shi mofin, sai ya koma kan mofin ɗin har ya mutu a 1922. Wato tun ranar farko maganar kashe ciwo da maganar kamuwa da ƙwaya tare suke tafiya, ba a kanmu aka fara ba. A 1911 wani Bajamushe mai suna Kulenkampff ya nuna ana iya yin allurar ta saman fata ba sai an tsaga wuya ba, shi ma a jikinsa ya fara gwadawa. A wancan zamani lalube ake yi har bakin allura ya taɓa jijiya, mara lafiya ya ji wani abu ya tsarga masa zuwa yatsu. Masuntan Bade da suka taɓa damƙar minjirya a cikin koma sun san irin abin da nake nufi. Daga 1994, da likitocin birnin Vienna suka nuna yadda ake amfani da na'urar sikanin, sai ya zama ana ganin jijiyar da bakin allurar a allo, aka rage lalube, haɗari ma ya ragu.

Matsalar allurar ɗaya ce, tana sakin mutum. Lidoken, wanda ake yi wa mai cire haƙori ko mai ɗinki, awa biyu zuwa huɗu yake riƙewa. Bufibaken, wanda aka fi sani da Marcaine, yakan kai awa takwas zuwa sha biyu, wani lokaci ya ɗan wuce. Idan an yi aiki da hantsi, to tsakar dare hannun zai farka, kuma ba a hankali yake farkawa ba. Mutumin da ya wuni yana dariya da 'yan dubiya, yana cewa ai shi bai ji komai ba, ƙarfe ɗaya na dare sai ka ji shi yana kiran sunan Allah da ƙarfi. Wannan ne ya sa likitoci suka daɗe suna neman abin da za su ƙara a cikin sirinjin don ya tsawaita saukin, kuma a nan magungunan dangin ofiyom suka shigo: mofin, fentanil, tramadol da bufrenofin.

Tunanin da ya kawo su yana da ma'ana. A 1973 aka gano cewa jikin mutum yana da wasu 'yan wurare a kan jijiyoyi da waɗannan magunguna ke kamawa su rage ciwo. Aka kuma ga cewa idan aka sa ɗan kaɗan a cikin allurar baya, irin wadda ake yi wa mata lokacin cire jariri, yana aiki sosai. Sai aka ce to me zai hana a zuba shi a jijiyar hannu, ya yi aikinsa a can ba tare da ya je ƙwaƙwalwa ya kawo maye da amai da tauye numfashi ba?

Da aka gwada, sai abin ya ƙi fitowa yadda aka so. Ku ɗauki jijiya kamar hanyar mota. Maganin kashe jiki shinge yake sawa a tsakiyar hanya, babu motar da za ta wuce. Su kuwa dangin ofiyom a tasha suke da ƙarfi, wato can bakin rauni inda saƙon ciwo ke tashi, da can cikin laka da ƙwaƙwalwa inda yake sauka. A wuya ko hammata, tsakiyar hanya ce, ba su da wurin kamawa sosai. A shekarar 2000 wasu likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada suka tattara gwaje-gwajen da aka yi har zuwa lokacin, suka ce hujjar cewa sa su a jijiya ya fi ba da su ta hanyar da aka saba ba ta da ƙarfi. Mofin da fentanil har yau sakamakonsu a nan sama da ƙasa yake, wannan bincike ya ce sun ƙara, wancan ya ce babu bambanci. Tramadol yana ƙarawa, amma abin da aka samu idan an haɗa gwaje-gwajen bai wuce awa ɗaya zuwa biyu ba.

Bufrenofin ne ya fita zakka. A 2002 wani likita mai suna Candido da abokan aikinsa a Chicago suka raba marasa lafiya 60 gida uku. Waɗanda aka yi wa allurar kashe hannu zalla sun samu sauƙi na kusan awa shida da rabi. Waɗanda aka ƙara wa bufrenofin a tsoka sun kai awa 12 da rabi. Waɗanda aka haɗa musu shi a cikin allurar jijiyar sun wuce awa 22. Daga baya, a 2017, aka haɗa gwaje-gwaje 13 aka ga ƙarin da yake yi ya haura awa takwas, amma tashin zuciya da amai sun ninka kusan sau biyar. Wannan aman yana gaya mana wani abu muhimmi: maganin ba ya tsayawa a hannu, jini yana kwasar sa ya zaga da shi jiki. Duk wanda ya ce maka tunda a jijiya aka sa ba zai shiga jikinka ba, bai faɗi daidai ba. Wani abin sha'awa kuma, masu bincike sun ga bufrenofin da tramadol su ma suna iya toshe jijiya kamar yadda lidoken ke yi, saboda haka mai yiwuwa rabin aikin da suke yi a wurin ba na ofiyom ba ne.

Akwai kuma wanda ba dangin ofiyom ba ne, deksametason, wannan dai da wasu ke saya a kemis suna sha barkatai don su yi ƙiba. Allura ɗaya tasa a ɗakin tiyata tana ƙara wa kashe hannun kamar awa shida, kuma ko ta jijiyar jini aka ba da shi, kusan haka yake yi. Yana da araha, yana rage amai, ba ya sa maye. Mai ciwon suga ne kawai sai an lura da shi, don yana ɗaga suga na ɗan lokaci.

Wata shekara da kaka aka kawo mana wani saurayi da injin casa ya kama wa hannun dama. Muna shirin shiga da shi, mahaifinsa, dattijo mai furfura, ya ja ni gefe ya rage murya. Ya ce, "Malam, don girman Allah ina da magana. Yaron nan shekara uku muna fama da shi a kan tramol. Mun sayar da akuya mun sayar da hatsi. Yanzu wata takwas ke nan bai taɓa ba, har ya koma gona. Na ji ana cewa shi kuke yi wa mutane. Idan shi za ku sa masa, gara in kai shi gida."

Na ce, "Baba, kun kyauta da kuka faɗa mini. Ba za mu sa masa ba, kuma ba za mu sa shi barci ba. Hannun kaɗai za mu kashe."

Ya ce, "Ana iya haka?"

Aka yi masa allurar da bufibaken, aka ba shi deksametason ta jijiyar jini, aka fara masa farasitamol a kan lokaci tun kafin hannun ya farka. Da safe ya ce ya ji ciwo wajen asuba, amma irin wanda mutum zai iya daurewa. Dattijon nan da bai yi magana ba, da babu wanda zai sani, don shi yaron kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Ba ina cewa allura ɗaya a asibiti tana mayar da mutum ɗan ƙwaya ba ne. Ba ta yi. Wanda bai taɓa sha ba, aka yi masa mofin ko tramadol na kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata a ƙarƙashin kulawa, zai tashi ya tafi gida lafiya lau. Amma wanda ya sha wahala ya rabu da abu, tsoron mahaifinsa yana kan hanya, kuma tunda akwai wata mafita, ban ga dalilin saka shi cikin jarrabawa saboda ƙarin awa ɗaya ko biyu ba. Wanda kuma har yanzu yana sha kullum, shi ma dole mu sani, don ƙa'idar magani da ke isar kowa shi ba za ta ishe shi ba, kuma idan aka yanke masa lokaci guda zai shiga rawar jiki da gumi da zafin rai a kan gado. Tramol mai yawa yana kawo farfaɗiya ma. Mu ba jami'an NDLEA ba ne, abin da aka faɗa mana a ɗakin tiyata a nan yake tsayawa.

Tsoron da jama'a ke yi ba daga sama ya faɗo ba. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba don jinya ba. A watan Mayun shekarar aka hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Tramadol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na bayan tasha kuwa 200 ne ko 225. Fenta, wadda ita ce allurar ciwo da aka fi samu a asibitocinmu, ta lalata cinyoyi da damatsan mutane da yawa, musamman masu sikila da suka koma yi wa kansu a gida. Sai dai a gefe guda, wani kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2017 cewa mofin da ire-irensa da ke isa ga marasa lafiya masu tsananin ciwo a Najeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da suke buƙata ba. A kan titi ƙwaya ta yi yawa, a gadon mai kansa kuwa babu. Wannan abu yana ci mini rai, amma magana ce ta wata rana.

Yanzu masu ƙoda. Babu gidan da ke Gashuwa ko Jakusko ko Karasuwa da bai san wannan ciwo ba, ko a cikin gida ko a maƙwabta, kuma har yanzu masu bincike, ciki har da na cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe, suna neman musabbabinsa. Wanda zai daɗe a kan wankin ƙoda yana buƙatar a yi masa ɗan aiki a hannu, a haɗa jijiyar jini mai bugawa da marar bugawa don ta kumbura ta yi ƙarfi, a riƙa sa allurar wanki a cikinta. Wannan hanya ita ce rayuwarsa, idan ta toshe an koma baya. A 2016 likitoci a Glasgow ta ƙasar Birtaniya suka gwada mutum 126. Rabi aka kashe musu wurin yankan kaɗai, rabi aka kashe hannun gaba ɗaya daga jijiya. Bayan wata uku, kashi 84 cikin 100 na waɗanda aka kashe wa hannu hanyarsu tana aiki, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 62. Dalili shi ne allurar tana sa jijiyoyin jinin hannun su buɗe, jini ya gudana sosai a lokacin da aka fi buƙata.

Kuma mai ciwon ƙoda shi ne wanda ya fi kowa buƙatar a rage masa magunguna. Mofin idan ya narke a jiki, ƙoda ce ke fitar da ragowarsa. Idan ƙodar ba ta aiki sai ya taru, mutum ya yi ta barci numfashinsa yana raguwa. Tramadol ma yana taruwa. Diklofenak da ibufurofen, waɗanda muke sha kamar gyaɗa bayan an dawo daga gona, su kuma ƙodar suke ƙara ci. To idan allura ɗaya za ta ɗauke wa irin wannan mutum ciwon ranar farko gaba ɗaya, ka ga ba ƙaramin abu ba ne.

Ra'ayina, bayan duk wannan, shi ne ƙarin dangin ofiyom a cikin allurar kashe hannu ƙaramin al'amari ne. Bai kai a tsorata da shi har a gudu daga asibiti ba, bai kuma kai a ce sai da shi ba. Kamfanonin da ke yin waɗannan magunguna ma ba su yi musu rajista don zubawa a jijiya ba, likitoci ne ke yi bisa abin da bincike ya nuna. Idan aiki babba ne, mutum ba shi da tarihin ƙwaya, ga bufrenofin a hannu ga maganin amai, ban ga laifi ba. A yawancin marasa lafiyarmu kuwa bufibaken da deksametason da farasitamol a kan lokaci sun wadatar. Mara lafiya yana da haƙƙin ya tambayi abin da ke cikin sirinjin, kuma ya ce ba ya so.

Ita allurar kanta tana da nata haɗarin, kada in yi muku kwalliya. Wani lokaci ba ta kamawa duka, dole a koma ga barci, shi ya sa ko an ce hannu kaɗai za a kashe muke hana cin abinci awa shida kafin aiki. Don Allah a daina ba mara lafiya kunu a ɓoye saboda tausayi. Idan maganin ya shiga jijiyar jini bisa kuskure, mutum zai ji leɓensa ya yi nauyi, bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kunnensa yana ƙara. Wanda ya ji haka ya faɗa nan take, kada ya daure. Allurar da ake yi a wuya takan raunana numfashin ɓangare ɗaya na 'yan awoyi, don haka mai asma ko tsohon ciwon huhu ya sanar tun farko.

Bayan an fito, hannun da ba ya ji amana ne a wuyan masu jinya. A rataye shi, kada a kwanta a kansa, kuma lokacin sanyi a nisanta shi da kaskon wuta, don zai ƙone mai shi yana hira. A sha maganin da aka rubuta a kan lokacinsa ko da ba a jin komai, kada a jira ciwo ya zo. A riƙa duba yatsu. Idan sun kumbura sun yi sanyi ko sun canja launi, ko ciwo mai tsanani ya keto duk da allurar, a kira ma'aikaci ko ƙarfe nawa ne, don alama ce jini ba ya isa. Irin wannan matsewar ce ke cinye hannuwan yara a ƙarƙashin karan ɗori idan an ɗaure da ƙarfi, kuma likitocin ƙashi a arewa sun daɗe suna rubutu a kan yawan yaran da aka yanke wa hannu ta wannan hanya. Ina girmama masu ɗorin gado, akwai karayar da suke gyarawa. Amma karayar saman gwiwar hannun yaro, da wadda ƙashi ya huda fata, ba nasu ba ne.

Abin da ya rage shi ne samun masu yin allurar. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da babban asibitin Gashuwa su ne madogarar jama'a tun daga Machina da Yusufari har ƙauyukan bakin iyakar Nijar, kuma kowa ya san masu aikin sa barci sun yi ƙaranci a duk faɗin arewa. Wannan allura hannu take so, sai wanda aka koya wa ya kuma yi ta maimaitawa. Na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita tana iya yin aikin, sai dai kan da ake ɗorawa a ciki daban yake da wanda ke nuna jijiyar wuya. Na jijiya shimfiɗaɗɗe ne, kuma sau da yawa shi kaɗai ne babu. Ina roƙon shugabannin ƙungiya, idan za a kai ziyara asibitocin nan kamar yadda aka saba, a tambayi shugabanninsu ko suna da wannan kai, da kuma ma'aikata nawa ke buƙatar a tura su Kano ko Maiduguri su koyo. Idan aka samu amsa, sai a kawo ta zaman ƙungiya na gaba a ga abin da aljihunmu zai iya ɗauka.